Neman inji ga 504 ɗin Baba: yadda aikin ke tafiya a Tahoua

9 ga Nuwamba, 2024

Yau muka ɗaga kulas ɗin motar, wato kan injin da ke rufe saman silinda, kuma abin da muka tarar a ciki ya rushe duk lissafin da aka yi. Zan riƙa rubuta yadda ake ciki, domin na san akwai masu irin wannan mota a jingine a bayan gida, nan Tahoua da Ƙonni da Madawa, waɗanda ke da niyyar tayar da ita wata rana.

Peugeot 504 ce doguwa, mai layin kujeru uku, ƙirar 1979, haɗin Faransa. Baba ya saye ta hannu na biyu, ya yi shekaru yana jigilar fasinja da ita tsakanin Tahoua da Birnin Ƙonni, wani sa'in har Yamai. Da ƙarfinsa ya ja baya aka tura ta ƙarƙashin rumfa. Bara na soma da jikinta: walda a ƙasan ƙofofi, birki, wayoyin wuta. Injin na bar shi a ƙarshe saboda yana tashi, sai dai ruwa yana raguwa a lagireto ba a ga inda yake zuba ba, man inji kuma ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa.

Kowa ya ga haka zai ce juwan kulas ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kulas da bulok, gangar jikin inji. Da shi ne, da aikin yini biyu ne. Amma injin esansi na 504 yana da tsarinsa. Ba a jikin bulok aka huda ramukan fistin ba. Kowane fistin yana da bututunsa na ƙarfe, shamis, wanda ake zurawa a kuma zare, ruwan sanyaya inji yana zagaye shi kai tsaye. Gindin shamis yana zama a kan wata ƴar kafaɗa a cikin bulok, da siririn juwan a tsakaninsu, kuma wannan kafaɗar kaɗai ce ta raba ruwa da mai. Alherin tsarin shi ne, in inji ya gaji sai a sauya shamis da fistin da zobba, ya dawo sabo ba a kai bulok wurin masu yankan ƙarfe ba. Shi ya sa waɗannan motoci suka daɗe a hannun talaka. Sharrinsa kuma, in tsatsa ta ci kafaɗar, babu sauran magani.

Tamu ta ci. Shekara da shekaru ana ɗura wa motar ruwan rijiya da na tabki, duk wanda aka samu a hanya. Da muka zare shamis biyu na tsakiya, maigidan garejin, dattijo ne da ya koyi aiki a kan 404 tun yana yaro, ya zura yatsa ya bi da'irar, farcensa yana faɗawa cikin ramuka. Ya goge hannu ya ce, "Ɗana, wannan bulok ya gama aikinsa. Ko shamis na zinariya ka sa, ruwa zai bi ta ƙasa."

Ke nan sai neman wani inji.

24 ga Nuwamba

Maganar ta isa fadarmu ta shayi, kowa da shawararsa. Mafi ƙarfin murya ƙanena ne, direban Hiace, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Ya ce, "Yaya, ka sa mata Toyota ka huta." Yana nufin 3Y mai cc 1998, ko 4Y mai 2237, ko kuma 2L na gazuwal mai 2446. Daga Tahoua zuwa Abalak har Agadas babu tashar da za ka rasa kayansu, babu yaron garejin da bai taɓa kwance su ba. Na ɗauki maganar da muhimmanci, har muka ɗauko awon wani 3Y da ke ajiye a wani gareji, muka shiga ƙarƙashin motar da igiyar awo.

Matsala ta farko a sama take. Injin esansi na 504 a kishingiɗe yake, an karkatar da shi digiri 45 zuwa dama, shi ya sa murfin gaban motar ya kwanta ƙasa-ƙasa, direba yana ganin hanya sosai. Na Toyota a tsaye yake. Kafin ya zauna sai an sake ƙafafun inji, an yi dabara da tukunyar mai don kada ta zauna kan ƙarfen gindi, sannan a duba ko murfin zai rufu.

Ta biyu ta fi girma, kuma yawancin masu ba da shawara ba su taɓa leƙa ta ba. A Hiace da Hilux farfela, sandar da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya, a buɗe take, kana ganin tana juyawa. A 504 farfela tana cikin wani ƙaton bututun ƙarfe da ya taso daga bayan akwatin giya ya je ya kama pon na baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu. Bututun ba sutura ba ne kawai. A doguwar 504, pon ɗin yana zaune a kan sifirin huɗu masu naɗi, biyu a kowane gefe, kuma irin wannan sifirin nauyi kaɗai yake ɗauka, ba ya hana pon yin gaba ko baya. Bututun ne ke riƙe da shi, ta cikinsa kuma ƙarfin da tayoyin baya ke tura mota da shi yake isa jikinta. In ka kawo giyar Toyota dole ka yanke bututun, in ka yanke shi dole ka ƙera wasu hannuwan ƙarfe da za su riƙe pon. A kan pikap aikin ya fi sauƙi, domin sifirin ɗinta na faranti ne, shi da kansa yake kama pon.

Ɗaya hanyar ita ce a bar giyar Peugeot, a yanko faranti mai kauri da zai haɗa ta da injin Toyota. Ana yi. Amma tsakiyar karanshaf, babbar sandar da fistin ke juyawa, da tsakiyar sandar giya dole su haɗu daidai wa daida. In suka kauce ko da ƙanƙani, motar za ta riƙa cin kuloci, giya ta riƙa kuka, kai kuma ba ka san daga ina ciwon yake ba.

Na ga 504 da aka yi wa irin wannan dashe a tasha, tana aiki, tana ciyar da gida. Wanda abincinsa na yau ya rataya a kan mota, ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Sai dai na bi ta a baya a hanyar ƙasa, na ga yadda gindinta ke lilo. Abin da ya ɗaga sunan 504 a Afirka laushin tafiyarta ne a mummunar hanya. Da shi ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, ta ci ta Bandama a Kodebuwa da ta Maroko duk a shekarar. Wannan laushin a cikin dogayen sifirin da bututun nan yake. In na yanke su, me na gyara ke nan?

Na ajiye maganar Toyota. Ƙanena bai ji daɗi ba, amma ya yarda da abin da ya gani da idonsa.

14 ga Disamba

Wanda ya fi jan raina shi ne injin gazuwal na Peugeot ɗin kanta, wanda ake kira Indenor. Kamfanin ya fitar da 504 da shi tun asali: akwai mai cc 1948, da mai 2112, da XD2 mai 2304 wanda ke ba da doki 70. Har Ford ta sayi injunan Indenor ta sa a motocinta Granada da Sierra. Tunda ɗan gida ne, bututun farfela yana nan yadda yake, babu yanka babu walda a baya.

Aka ba ni labarin wani XD2 a Ƙonni, an ciro shi daga motar da ta yi hatsari. Muka yi sammako da maigidan gareji, da gangan, don ya ce injin gazuwal da sanyin safiya ake gane gaskiyarsa. Hunturu ya sauka sosai, hazo ya rufe gari. Mai injin ya ɗaure shi a kan tsohuwar taya, ya jona batir, ya tsoma tiyo a galan. Aka ɗumama bujin zafi, aka buga. Bai kama ba. Aka sake, ya kama da silinda uku, yana girgiza yana fitar da farin hayaƙi, can na huɗun ya shigo. Da ya daidaita sai ƙarar nan mai nauyi ta fito, wadda duk wanda ya tashi a bakin tasha ya sani. Gaskiya raina ya biya.

Dattijon bai ce komai ba. Ya sa aka jona tiyon ruwa, aka cika, ya tsuguna yana kallon bakin. Bayan ɗan lokaci ƙananan kumfa suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya, ba sa tsayawa. Iskar cikin silinda ce ke kutsawa cikin ruwa. Ko juwan ne, ko kuma kulas ya tsage a tsakanin bawul, wanda shi ne sanannen raunin waɗannan injuna in sun taɓa yin zafi fiye da kima. Matsin da ke cikinsu ya ninka na injin esansi fiye da sau biyu, kulas ɗin ba ya yafe ganganci. A ƙasar da watan Afrilu da Mayu zafi ke wuce digiri 40 kusan kullum, da wuya ka sami tsohon Indenor da bai taɓa tafasa ba.

A hanyar dawowa muka lissafa abin da zai biyo injin in ma an sami lafiyayye. Karkatarsa ba irin ta na esansi ba ce, don haka sai an sauya ƙafafu da ƙwaryar kuloci. Ya fi nauyi, sifirin gaba sai na gazuwal. Sai babban batir, sai lagireto mafi girma, sai tiyon da ke mayar da rarar mai tanki, sai famfon iska na birki, domin injin gazuwal ba ya tsotsar iskar da ke tausasa birki da kansa. Sannan kart giriz, takardar rajistar motar, ya ce esansi, doki 11 na haraji. Dole a bi ofis a gyara takarda.

Duk wannan wahala ana shanta ne don a rage kuɗin mai, to sai na zauna da alƙalami. Tun watan Yulin bana, 2024, litar esansi sefa 499 ce, ta gazuwal 618. Baba ya ce motar tana shan wajen lita 12 a kilomita 100 in an loda ta. Masu na gazuwal suna cewa 9. Na farko ya kama sefa 5,988, na biyu 5,562. Bambancin 426 ne. Ni da ba haya zan yi da ita ba, in na yi kilomita 5,000 a shekara na yi da yawa. Ribar shekara guda ke nan jika 21 da ƴan kai, ba ta ma kai kuɗin batir ɗin ba. A da, lokacin da gazuwal bai kai esansi tsada ba, mai motar haya yana da hujja. Yanzu lissafin ya juya.

Akwai kuma famfon gazuwal ɗin. In ya lalace, ba aikin ƙarƙashin bishiya ba ne, sai mai injin gwaji, kuma ba kowane gari ke da shi ba. Gazuwal ɗin kwalba na bakin hanya, mai ruwa da ƙura, shi ne ajalinsa.

5 ga Janairu, 2025

Na kai wa Baba maganar bayan sallar la'asar. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ina za ka da ita?"

Na ce Ƙonni, Keita wurin dangi, wani lokaci Yamai, sai ɗaukar iyali ranar salla.

Ya ce, "To mi kake nema da ƙarfin da ba ka da kayan ɗora masa? Mayar mata da irin nata. Wannan injin, in ya tsaya maka a daji, abu biyu ne: ko wuta ko mai. Ka buɗe dilko mai raba wuta ka goge, ka hura kafireto, ka tafi. Ban taɓa kwana a hanya saboda shi ba."

Shawara ta tsaya a kan XN1, injin esansi mai cc 1971, irin wanda ta fito da shi. Bulok na baƙin ƙarfe, kulas na alminiyam, sarƙa ce ke juya sandar bawul, babu bel ɗin da zai tsinke ya haɗa fistin da bawul. Dokinsa 90 da ɗoriya, ya ishe ni. Takarda ba za ta canza ba, kuma duk kayan tsohon injin da ke da sauran rai za su yi amfani.

18 ga Janairu

Samun XN1 bai kai wahalar da ake zato ba, albarkacin Kaduna. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Ita ma 505, da ta fito a 1979, da yawanta wannan injin ne a cikinsu. Ma'ana akwai bulok da ya girmi ɗana na fari da kaɗan kawai, alhali namu ya haura shekara 45.

A da, da Kwatano za a aika. Tun 2023 iyakar Benin take rufe, kayan da ke zuwa ta Lome kuma sai sun ratsa Burkina, ga jinkiri ga tsada. Sai muka juya Kano. Kawuna yana kasuwanci can, ya san ƴan Ƙofar Ruwa, ya ɗauki wani makanike da ya yarda da shi suna zagayawa, suna turo mini hotuna ta WhatsApp.

Tarko biyu ne a wannan ciniki. Na farko, 504 tana da wani injin mai cc 1796, kuma a ido kusan ba ka raba shi da mai 1971. Tsawon bugun fistin ɗinsu ɗaya ne, milimita 81. A faɗi suka bambanta: ƙaramin 84, babban 88. Wani mai shago ya rantse nasa babba ne, aka ɗaga kulas aka aza awo, 84. Wataƙila shi ma haka aka sayar masa. Na biyu, in aka ce maka "injin 505 ne", ka tambaya wanne. Akwai wani na alminiyam zalla, mai cc 1995 ko 2165, wanda bel ke juya sandar bawul ɗinsa. Inji ne mai kyau, amma zamansa daban, kayansa daban, ba shi muke nema ba.

Sharaɗin da na gindaya wa Kawu guda ne: ba za a biya ko dala ba sai an ɗaga kulas, an zare shamis aƙalla ɗaya, an ga kafaɗar da ido. Masu shago ba sa so, suna cewa in an buɗe inji darajarsa ta faɗi. Na ce a ƙara musu kuɗin buɗewa, in bai yi ba su riƙe. Sautin inji ba ya gaya maka halin kafaɗar nan. Namu ma ai yana tashi.

8 ga Fabrairu

Injin ya iso. Ta Sakkwato da Illela ya biyo, aka biya duwan a Ƙonni, na adana takardar tare da rasit ɗin shago, saboda lambar da ke jikin bulok ta bambanta da ta da, kuma wata rana za a tambaya. Saye da dako da duwan sun tashi kusan sefa 390,000.

Daga 504 haɗin Kaduna aka ciro shi. Mun kwance shi kaf, har ƙusa ta ƙarshe, don ban sayo shi da niyyar ɗorawa haka nan ba. Bulok nake so. Kafaɗun huɗu sumul suke, alamar mai motar yana sa mata ruwan kirki. Karanshaf, mai zama a kan matashi biyar, babu zane a wuyansa, awo ya nuna bai taɓa zuwa wurin yanka ba. Sarƙa ta saki, za a sauya. Zobban fistin sun gaji. Kulas ya ɗan lanƙwashe, mun aza ƙarfen awo a fuskarsa haske yana wucewa ta tsakiya, don haka na ba direban bas ya kai Yamai a share shi.

Daga tsohon injin za mu ɗauki kafireto ɗin Solex mai maƙogwaro biyu, da dilko, da sitata, da murfin bawul. Na fi son murfin Baba ya koma wurinsa.

22 ga Fabrairu

Makon nan aka zauna da shamis, kuma a nan ne na ga bambancin gwani da mai koyo.

Kayan iri biyu aka kawo mana, kwalinsu kusan ɗaya, kuɗinsu ya bambanta da kusan rabi. Dattijon ya ɗaga mai arhar ya duba cikinsa a hasken rana, ya nuna mini zanen da ke bangon. A na kirkin, zanen siriri ne mai gicciye, shi ke riƙe mai don zobba su zauna. A mai arhar, wani wuri santsi wani wuri kaushi. Muka mayar da shi.

Ƙura ce babbar abokiyar gaba a wannan wata. Ya hana a yi aikin a filin gareji. Muka share wani ɗaki, aka yayyafa ruwa a ƙasa, aka rufe taga da buhu, duk abin da aka wanke sai a lulluɓe shi da tsohon zane.

Kan kowane shamis dole ya ɗara fuskar bulok da ɗan abin da bai kai kaurin gashi biyu ba, don in an ɗaure kulas ya danne shi ƙasa ya toshe sama da ƙasa lokaci guda. In ya nutse, ruwa zai bi. In ya yi tsawo da yawa, juwan ba zai kwanta a sauran wurin ba. Ana daidaita wannan da siraran juwan na gindi masu kauri daban-daban. Ya zura shamis, ya aza miƙaƙƙen ƙarfe a kai, ya zura ƴar takardar awo ta ƙarfe a gefe huɗu, ya zare, ya sauya juwan, ya sake. Na uku ya ƙi daidaita da maƙwabtansa, ya juya shi, ya musanya masa wuri da na ɗaya, sai ga shi ya zauna. Tun hantsi har azahar a kan bututu huɗu. Da ya gama ya ɗaure su da manyan wasa da ƙusoshi, ya kira yaransa ya ce, "Wanda ya juya karanshaf ba a ɗaure waɗannan ba, fistin zai ɗaga shamis, aikin yau ya tashi a banza."

Abu biyu ga mai shirin yin irin wannan aiki. Peugeot daga bayan inji take fara ƙirga silinda, na ɗaya shi ne na kusa da kuloci, ba na kusa da lagireto ba. Yaron da ya saba da Toyota zai jera wayoyin buji a juye, mota ta ƙi tashi, a yi ta zargin dilko. Jerin wutar 1-3-4-2 ne. Tazarar bawul kuma, inji yana sanyi, 0.10 a na shiga, 0.25 a na fita.

15 ga Maris

Azumi ya rage saurin aiki, daga bayan asuba zuwa hantsi kawai ake yi. Ga kuma ƙarancin esansi da ya taso a ƙasar a watan nan, layi a gidajen mai. Ƙanena ya ce da na ɗauki na gazuwal. Na ce motar da za ta yi shekara ashirin nan gaba in Allah ya yarda, ba a zaɓa mata inji da layin wata guda.

An ɗora injin a mazauninsa ba a taɓa walda ko sau ɗaya ba. Ƙafafu suka faɗa ramukansu, giya ta shige, bututun farfela ya kama.

Sauran maganar sanyaya inji, tunda ita ta kashe na farko. An buɗe lagireto sama da ƙasa an zura masa tsinke layi-layi, abin da ya fito laka ce da farin gishiri. Famfon ruwa sabo. Mun ɗan yi ja-in-ja da dattijon a kan kalosta, ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama. Al'adar garejinmu ita ce a cire shi a jefar, wai ƙasar zafi ba ta bukatarsa. Ni na nace a sa. Injin da ke tafasa, lagiretonsa ne ya toshe ko fankarsa ba ta kamawa, cire kalosta ɓoye ciwon kawai yake yi. Da safiyar hunturu kuma injin da ba shi da shi yana daɗewa cikin sanyi, esansi yana wanke man da ke bangon shamis, zobba suna cinyewa. Ya ce, "Motarka ce, ɗana." A kan fanka ni na bi tasa. Ta asali tana da maganaɗisun da ke kama ta in inji ya yi zafi, namu ya mutu, ya ɗaure ta tana juyawa koyaushe.

Ruwan rijiya kuwa ya haramta ga wannan mota. Ruwan sanyaya inji na galan, mai maganin tsatsa, shi kaɗai.

12 ga Afrilu

Ta tashi.

Kafin a sa buji, an juya injin da sitata har fitilar mai ta mutu, don mai ya isa ko'ina tukuna. Sannan aka zura bujin cikin dogayen ramukansu, aka ɗiga esansi a kafireto. Ta yi tari, ta kama. Dattijon ya sassauta dilko yana juya shi a hankali, kunnensa a kan inji, har ƙarar ta kwanta. Muka bar ta tana aiki, idona a kan allurar zafi da bakin lagireto. Babu kumfa. Da aka kashe aka zaro sandar awon mai, mai ne garau.

An kawo Baba a babur. Ya zagaya ta da sandarsa, ya sa aka taka masa totur sau biyu, ya ce iskar kafireto ta yi yawa kaɗan. Aka juya ƙusar, kuma haka ne.

10 ga Mayu

An gama horon inji. Kilomita 1,000 na farko ban wuce gudun 80 ba, ban bar ta ta yi nishi a babbar giya ba, yawanci tsakanin gari da Badagishiri. Bayan nan aka zubar da mai, aka sauya matata, aka sake ɗaure ƙusoshin kulas inji yana sanyi, aka sake awon bawul. Lita 4 na 20W50 take ɗauka.

Jiya muka yi gwajin gaske: Ƙonni da dawowa, mu bakwai, da buhun albasa biyu a baya, muka taso daga can da tsakar rana da gangan. Allurar zafi ta hau tsakiya ta tsaya, ta ɗan ɗaga a hawan da ke bayan Tsarnawa, ta koma. Ruwa bai ragu ba. Na cika tanki kafin tafiya da bayanta, lissafi ya ba ni lita 11 da rabi a kilomita 100.

Abu biyu suka fito. Mai yana ɗan tsattsafowa ta gindin murfin bawul, juwan ɗinsa za a sauya. Giya ta biyu kuma tana ƙara in an sauko mata da sauri, tsohon ciwo ne da ƙarar tsohon injin ke rufewa. Wani ya kawo shawarar a sa giya biyar ta 505 tunda za a buɗe wurin. Sai mun auna tsawonta da na bututun farfela tukuna, in sai an yanka, ta huɗun za a gyara. Kuɗin injin gaba ɗaya, da kaya da ladan gareji, ya tsaya a sefa 760,000.

Mako mai zuwa za a sauke akwatin giya. Fenti sai bayan damina, kujeru kuma suna wurin mai ɗinki.